Jar Rigar Amai

Gweru, 4 ga Agusta, 1994

Zuwa ga Maidei, matar ƙanina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan ke da yara kuna lafiya. Yaya mahaifiyata Amai da ciwon gwiwarta? Mu nan sai godiya.

Ba zan tsaya kwana-kwana ba. Jiya na haɗu da Maman Joji ta ƙauyenmu a tasha, ta ce da idonta ta ga tamba a shanye kan dutsen bayan gidanmu, kuma duk ta yi tsiro. Tamba mai tsiro, Maidei! Ni da na girma ina hura wuta a gindin duron mahaifiyata, ni za a gaya wa abin da ake yi da ita?

Shekara tara ke nan da Amai ta tsaya gaban jama'a ta ce ta bar dafa giya har abada. Ni na ɗinka mata jar rigar ƙungiyar matan coci da hannuna, ni na ɗora mata farar hula. Kin kuma san doka: wadda ta ja da baya, a gaban kowa ake karɓe rigarta, ta koma bencin baya. Ranar da ta mutu ba za a sa mata ita ba, matan ƙungiyar masu taron Alhamis ba za su yi mata waƙa ba. Tsohuwar nan kuwa ba ta da zance sai “ku binne ni da rigata.”

Tun rasuwar mijinki Garikai ke ce idona a gidan. Ki faɗa min gaskiya, Amai ta koma ruwa ne?

Taki cikin Ubangiji,
Shuvai

Bikita, 11 ga Agusta

Tete Shuvai, yayar mijina,

Ina gaishe ki da girmamawa, tare da maigidanki Baba mai wa'azi da yara. Amai na lafiya, gwiwa dai sai a hankali.

Kai, Tete! Maman Joji fa kika ce? Matar da in ta hango hayaƙi sai ta ruga ta ce gari ya ƙone? Tamba kam akwai ta, ban musa ba. Kunu za mu dama wa masu gayyar sussuka, ko so kike mu ba ƙarti ruwan rijiya?

Amai ba ta taɓa fashin taron Alhamis ba. Makon jiya ta yi ta gugar rigar nan har sai da na ce, “Amai, za ki huda ta.” Ta ce, “Ke dai kawo garwashi.” Ki kwantar da hankalinki.

In da hali ki zo farkon wata mai kamawa. Amai na son ganinki. Ba wani abu ba ne.

Ƙanwarki,
Maidei

Gweru, 18 ga Agusta

Maidei,

Ina gaisuwa.

Ashe kallon wawuya kike min? Wasiƙarki ta watan Afrilu tana nan cikin Littafina Mai Tsarki, na ɗauko na sake karantawa. Ke kika rubuta cewa fari ya cinye gonar, ko iri ba ku fitar ba. To me za a sussuka? Iska?

Sannan na ji Kawu Zvidzai ya zo daga Zaka da jaki ɗauke da buhu biyu, mutumin da rabonsa da coci tun ranar aurensa. Me ya kawo shi? Kuma “ba wani abu ba ne” ɗin nan naki shi ya fi komai tsaya min a rai. Ruwa ba ya tsami banza.

Raina ya ɓaci, Maidei. Ke na yarda da ke, kika rufe ni ruf. In dai tuban Amai tuban muzuru ne, da wane ido maigidana zai hau mumbari ya yi wa mutane faɗan giya, ga ta surukarsa tana tafasa?

Na rubuta wa matar Fasto ta leƙa gidan ba tare da sanarwa ba. Ba don mugunta na yi ba. Gara a same ta da tsiro a ƙasa a yi mata faɗa, da a same ta da giya a tukunya a tuɓe ta.

Shuvai

Bikita, 29 ga Agusta

Tete,

Ina gaishe ki. Wannan ta hannun direban motar safe na aiko, don ta iso ki da wuri.

Baƙuwarki ta zo, sai dai ta makara. Shekaranjiya Asabar da hantsi ta shigo, duro yana kan wuta. Na yi tsalle na tare ta a ƙofa ina ta surutun banza, Amai ta ce, “Bar ta ta shigo, ba sata muke yi ba.”

Matar Fasto ta toshe hanci ta ce, “Amai, mene ne wannan?”

Amai ta ce, “Giya ce, 'yata. Ai kin san warinta, mahaifinki ya sha tawa ya fi shekara goma.”

Na yi miki ƙarya, Tete, na amsa laifina. Amma ke ma da kin ƙirga watanni da kin gane. Wata goma sha huɗu ke nan da ramin ma'adinai ya rufta da Garikai. Ba a dafa masa giyar da za a je kabarinsa a kira kurwarsa ta dawo gida ba, kamar yadda al'adarmu ta ce. Tun bara Amai ba ta cin abincin kirki, sai ta ɗauki loma ta ajiye ta ce, “Ɗana yana daji, ba shi da gida.” Ni ma har yau baƙaƙen kaya ne a jikina, kayansa suna ɗaure a saman rumbu, yaransa ba su da ikon taɓa ko hularsa. Kin san giyar nan sai tsohuwar da ta daina haihuwa ce ke dafa ta. Wadda muka sa wa rai, gwaggonku, ta rasu a watan Mayu. Saura wa?

Na rantse miki ko ɗigo bai taɓa harshenta ba. In ana son ɗanɗano, Kawu take kira.

Jiya Lahadi ba ta jira a kira sunanta ba. Ana gama waƙar farko ta miƙe da sandarta, ta je gaba ta ajiye rigar a ninke, da hular a kai, ta taka a hankali har bencin baya. Na tashi na bi ta na zauna kusa da ita, ina kuka kamar yarinya, ita ce ma take ce min, “Ke, share hancinki, ana kallonmu.”

Ga saƙonta a ƙasa. Yadda ta faɗa haka na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba.

Maidei

Shuvai, 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida surukina da jikokina.

An ce min ke kika turo. Na yi fushi kwana ɗaya, ya wuce. Ina son rigata, kin fi kowa sani. Amma ban iya kwanciya cikinta a kabari alhali yaron da na haifa yana yawo a waje ba.

Ranar Asabar da sassafe za mu je mu taho da shi. A gidanmu, yayar mamaci ce take tsayawa a bakin ƙofa ta yi guɗa ta tare shi. Ba sai kin sha komai ba, ba sai kin taɓa ƙwarya ba. In ba za ki zo ba, zan roƙi wata ta tsaya.

Sai dai in ya shigo ya duba bai gan ki ba, ban san abin da zan ce masa ba.

Mahaifiyarki