Fim ɗin da ya hana Inna cin tuwo

Ƙanena Lawali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Rabi da yara. Ya Legas, ya kasuwa? Mu nan Isa lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Finafinai ukun da ka aiko a memori sun iso, kuma gaskiya ka ɓata mini rai. Na farko soyayya ce, awa biyu ana kuka cikin mota. Na biyu ko rabi ban kai ba barci ya kwashe ni. Cajin wayata kawai suka cinye.

Na ukun ne ya sa na ɗauki biro. Lawali, ka kalle shi kafin ka aiko? Labarin 'yan bindiga ne aka mayar abin dariya. Mai gari na gudu wandonsa na zamewa, sannan saurayi guda ya kore su duka da sanda. Inna na zaune kusa da ni, tuwo na gabanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Hadiza, ranar da muka baro Gatawa ko takalmi ban ɗauka ba. Wa ya yi dariya?" Ta rufe kwanon, ba ta sake taɓa shi ba.

Na goge shi. Ba za ni hana ka aike ba, amma ka riƙa dubawa. Ka kira ta ranar Juma'a, kada ka yi zancen fim.

Ka gaida Rabi. Ku sa mu a addu'a, Allah shi maida Inna gonarta da ƙafarta.

Yayarka,
Hadiza