Hannun Daman Yaya Attahiru

Bodinga,
Fabrairu, 1949.

Zuwa ga ƙanena Maniru, a Bukuru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Safinatu da yara, ya tsare ka daga ramukan kuza da sanyin da kake ta kuka da shi. Mu nan sai godiya. Gero ya shiga rumbu, albasa ta yi kyau a fadamar Danchadi, matata Hajara kuma ta sauka lafiya, an samu mace. Goggo Altine tana nan da ciwon gwiwarta, wanda ke tashi ranar daka, ya kwanta ranar biki.

Ka ce in faɗa maka gaskiya game da Yaya Attahiru, kada in yi maka irin rubutun da nake yi wa En'e. To, ga ta. Tun bayan ciwon da ya shanye masa ɓarin dama, ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, har ya koma yi wa kowa faɗa kamar da. Hannun ne ya ƙi: yana ɗagawa, amma yatsun ba su damƙa. Abin da ya fi damuna shi ne ya daina fitowa ciyayya. Ka san zaurenmu bayan magariba, ni da shi da Mode majemi da Ɗanmalam tela, shi ne babba, shi ke raba nama. Yanzu sai matarsa Zainabu ta kai masa ɗaki, ya sa a saki asabari. Ba zai ci da hagu a gaban mutane ba, na dama kuwa ba ya iya riƙe loma. Cokalin da ka aiko ya karɓa ya yi godiya, yana nan soke a jikin jinka. Malamin disfensa ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, Yaya ya ce shi ba ɗan yaye ba ne.

Ana nan sai Baturen makaranta ya zo rangadi, ya ce daga bana kowace elemantare za ta koyar da sana'ar hannu, ya dube ni ya ce ni ne na ginin tukwane. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Na karanta labarin ƙasashen da ake yin tangaran, har kogunansu na sani, amma rabona da yumɓu tun muna gina shanun wasa. Sai na je wurin Inna Tani maginiya, tsohuwar nan 'yar Mandera da ke bayan gari kusa da kududdufi, ta yarda ta koya mini da hantsi ranar da babu makaranta. Daga nan dabara ta zo mini. Na ce wa Yaya ina jin kunyar a ga malamin makaranta shi kaɗai tsugune gaban tsohuwa, ya rufa mini asiri ya raka ni. Ka san shi, bai taɓa ƙin rufa wa ƙane asiri ba, musamman in zai samu abin dariya a ciki. Mode da Ɗanmalam kuma na haɗa baki da su, mu riƙa ɓata aikinmu da gangan, kada Yaya ya ga shi kaɗai ne bai iya ba.

Ashe ba ma bukatar gangan. Inna Tani ta sa muka tuɓe manyan riguna, muka tattake yumɓu da ƙafa, sa'an nan ta ba kowa tsohuwar tukunya a kife, ta ce a barbaɗa toka, a shimfiɗa yumɓu a kai ana bubbugawa da dutse har ya ɗauki siffarta. Mode ya buga nasa kamar yana jima, ya huda shi. Ɗanmalam ya tambaya ko akwai almakashi. Nawa ya manne, domin na tsaya yi musu bayanin amfanin toka har na manta ban barbaɗa ba. Yaya kuwa yana inuwa bisa turmi, hannun dama ɓoye cikin riga, yana ba da umurni kamar wanda ya gaji sana'ar.

Inna Tani ba ta san da shirinmu ba, mataimaki kawai take nema. Tana cikin ɗora wa wani tulu baki, sai ta yanko curin yumɓu ta ce ya mulmula mata. Ya miƙo hagu, ta ce a gidanta ba a karɓar abu da hagu. Duk muka sunkuyar da kai. Can ya fito da na daman, ta aza masa ta koma kan aikinta. Ya daɗe yana kallon curin. Da ya matsa, sai ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ni kuwa ina ta da-na-sanin kawo shi. Ita ko juyowa sosai ba ta yi ba, ta ce, "Yumɓu ne, Malam, ba ƙwai ba. Ɗauko ka sake." Ya ɗauko. Ya sake faɗuwa, ya sake ɗaukowa.

Da muka zo ƙofar gida sai Yaya ya ce in sani ya gane makircina tun daga zaure, kuma ni da Mode mun fi shi bukatar magani. Amma mako na zagayowa shi ya riga mu sa takalmi. Ya ma roƙi yumɓu ya kai gida. Zainabu ta ce kullum yana ɗaki yana mulmulawa, ya ɓata mata tabarmi, ita kuma ba ta taɓa share datti da daɗin rai irin wannan ba. Bai nemi gina tulu ba. Wani ɗan kasko ya yi ta fama da shi, mai kauri, baki a karkace.

Ranar gashi aka jera kayanmu, aka rufe da kara da busasshen kashin shanu, aka sa wuta. Tukunyata ta fashe da ƙara har jakin maƙwabta ya tsinke igiya. Ta Mode ta fito da rai, sai dai ruwa ba ya zama cikinta. Na Ɗanmalam kaɗai ya tsira lafiya, amma har yau ba mu san ko mene ne ba, shi dai yana cewa buta ce. Kaskon Yaya ya rabu biyu. Ya ɗauki ɓarin ya jujjuya, ya ce ba laifi, shi ya samu kasko biyu inda malamin makaranta bai samu ko ɗaya ba. Ya yi dariya har da tari, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin ciwon.

Jumma'ar da ta wuce, mun idar da magariba mun shimfiɗa tabarma, Mode ya riga ya jawo kwanon nama gabansa kamar yadda ya saba tun da ya naɗa kansa wakili, sai muka ji sallama daga cikin gida. Yaya ne. Ya zauna wurinsa, ya wanke hannu. Ba wanda ya yi masa barka, don mun san da an yi zai tashi. Lomar farko ta faɗi kan tabarma, ta biyu ta kai baki. Sa'an nan ya dubi Mode ya ce, "Turo kwanon nan. Cin amanar jama'a ya isa haka." Maniru, ban taɓa ganin rabon nama mai tsawo irin wannan ba. Yatsun suna rawa, tsoka tana zamewa, miya har gwiwar hannu. Tuwo ya huce, ba wanda ya miƙa hannu ya taya shi, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Sai da ya ba kowa rabonsa, ya ba Mode ƙashi.

Ba zan ce maka hannun ya warke ba. Alƙalami har yanzu ba ya zama a cikinsa, wataƙila ba zai koma kamar da ba, Allah ne masani. Amma in za ka rubuto masa, kada ka tambaye shi ya jiki. Tambaye shi labarin tukunyata, zai ba ka shi har da ƙari.

Goggo Altine da Zainabu da Hajara suna gaishe ka, suna gaida Safinatu ƙwarai. Ka shafa mini kan Kabiru da ƙannensa. Ɗanmalam yana gaisuwa, Mode kuma ya ce in gaya maka an zalunce shi. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naka, yayanka,
Abdulƙadir.