Tsiren da Aka Naɗe da Hoton Shugaba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Dokokin Kasuwanci da Muhalli, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kana lafiya, da iyali, da sauran 'yan kwamiti.

Ranka ya daɗe, sunana Isyaku. Tsire nake gasawa a Garki, bayan wata ma'aikata, tun itatuwan bakin titin ba su kai tsayina ba. Na rubuto ne a kan tukubata da ma'aikatanku suka ɗora a mota ranar Talata. Da ita nake ciyar da gidana a Kubwa, har da tsohuwata, kuma yau miyarmu ko ƙashi babu.

Na farko, kun hana leda. Wallahi ban ja ba. Ni da leda ta toshe wa kwata, ruwan damina ya shigo ɗaki ya tafi da takalmina, ai ni ya kamata in fara tafa muku.

Na biyu, kun ce aikin gwamnati ya koma kwamfuta. Madalla, amma ba wanda ya tuna da mu. Shekara da shekaru da tsofaffin takardun ofis muke naɗe nama, masinjoji ke kawo mana. Yanzu Baba Danjuma, masinjan da nake hulɗa da shi, ya ce oga ma da yatsa yake sa hannu a gilashi. Jarida kuwa kowa a waya yake karantawa, ni kuma ban ga yadda ake naɗe tsire a waya ba.

Na uku, na koma tsinkar ganye a bakin titi, sai masu kula da itatuwa suka ce sabuwar doka ta hana. Akwai ranar da wani darakta, dattijo mai mutunci, ya karɓi tsirensa a cikin hularsa. Washegari ya zo yana yi mini faɗa, wai ƙudaje sun raka shi har ɗakin taro.

Ana cikin haka sai mutanenku suka zo da lasifika, suka raba takardun bayanin dokar. Jama'a suka karɓa, suka zubar a ƙasa. Da na tuna kun hana zubar da shara, sai na bi na tsince su tas. Ranka ya daɗe, takarda ce ta kirki, tana riƙe mai, ba ta yagewa. Kuma a wurina ne kaɗai aka karanta dokar nan. Mutum na cin nama yana karantawa, har musu ake yi a kanta.

Ranar Talata wani ma'aikacinku ya sayi tsire, ya cinye, ya lashe yatsu, sannan ya lura hotonka ne a jikin takardar, yaji ya zauna maka a goshi. Nan take ya ce na wulaƙanta hukuma. Suka kwashe tukuba da naman da ke kanta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kafin motar ta sha kwana na hango su suna rabon naman, kuma da irin wannan takardar suka naɗe.

Don haka ina roƙo a dawo mini da tukubata. Naman na yafe, don na san inda ya shiga. A kuma faɗa mini a fili abin da zan riƙa naɗe tsire da shi. In kuwa za ku sake buga takardun, don Allah ku buga da yawa, ku cire hoton kawai.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora, Ya raba goshinka da yaji.

Wassalam.

Isyaku mai tsire, wanda a yanzu ba shi da tukuba,
Garki, Abuja.