Kifayen Mijin Yaya Hadiza

Ƙonni, daren Laraba, damina 1994

Yau na leƙa Yaya Hadiza wurin takaba, na iske kifayen teku da marigayi ya kawo daga Kwatano suna haki cikin akwatinsu na gilashi. Na'urar da ke fitar da dattin ruwan cikin kumfa ta tsaya. Na ce a kira makanike, ta ce, "Kafin ya zo sun mutu, Sani."

Ta kwance na'urar, ashe gishiri ya toshe bututun iska. Ta jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami, ta wanke, ta mayar. Kumfa ta taso. Wallahi ta burge ni.

Na tambaye ta ina ta koya. Ta ce, "Bai taɓa barina na taɓa ba. Amma kullum ni ke riƙe masa fitila."