Ƙafafun Kujerar Auta

Baban Auta,

Na wuce aiki, ban tashe ka ba, na ga babban kafinta yana hutawa.

Kujerar nan da ka yi wata uku kana murza ƙafafunta a injin sassaƙa, wai sai kaurinsu ya zo ɗaya, yau Auta ya hau. Yana zama ƙafafun suka zare, don sun sirance sun fi ƙarfin raminsu. Lafiyarsa ƙalau, kuka kawai ya sha.

Na kwashe su na kai kicin. Wallahi ban taɓa riƙe muciya mai daɗin hannu irinsu ba, har maƙwabciyarmu ta roƙi ɗaya.

Don girman Allah kar ka fara gadon yaron nan. Tsaya a muciya, nan Allah ya ba ka.

Maman Auta