Filastar Inna da Ruwan Zafi

Yaya Habsu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zaman Agadas? Yaya Malam da yara?

Lokotoro, wato likitan asibiti, ya liƙa wa Inna filastar kashe ciwo a baya, mai ƙarfi, wadda ke sakin magani a hankali har kwana uku. Ya gargaɗe mu kada zafi ya taɓa filastar, don zai sa ta saki magani fiye da kima. Jiya Gwaggo Indo, babbar likitar danginmu, ta iso daga Tsibiri ta gasa wurin da ruwan zafi. Na tarar Inna ba ta farkawa, numfashinta ɗai-ɗai. Muka ruga asibiti.

Ta buɗe ido, amma sun riƙe ta har gobe. Gwaggo na zaune bakin ƙofa, yau ba ta da shawara.

Ki sa Inna cikin addu'a. A gai da kowa.

Ƙanenki,
Sani