Mesar Baffana Ta Fara Kallon Sama

Inna Warsini, don Allah ki taimake ni. Kwana tara suka rage, kuma na rasa wanda zan faɗa wa sai wannan shafi naki na ba da shawara.

Wata biyar ke nan da na gama karatun likitan dabbobi, ina aiki a wata gonar kaji a bayan garin Malang. Ina zaune gidan wan babana, Baffa Sutrimo, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Shekararsa goma sha shida yana kiwon mesa irin wadda ake kira boa. Bakwai gare shi. Ta gaban goshinsa ita ce Kenanga, mace, shekara tara, tsawonta mita biyu da santimita talatin da ɗaya. Ni na auna. Baffa yana gaya wa baƙi mita uku ce.

Kenanga ba ta da lafiya. Sau uku tana amayar da ɓera bayan ta haɗiye: ranar 4 da ranar 18 ga watan jiya, da Talatar da ta wuce. Takan ɗaga kai ta ƙura wa rufin akwatinta ido, ta daɗe a haka. Na kwantar da ita rigingine, sai da ta yi daƙiƙa arba'in kafin ta juyo, alhali lafiyayya nan take take birkicewa. A kwanon ruwanta na ga mitsi-mitsin kaska baƙaƙe. Akwai wata cutar boa da muka karanta, tana taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta da magani, ana kuma zargin irin wannan kaska na yaɗa ta. Ban ce ita ce ba. Ban ɗebi jini ba, don ya hana ni.

Lahadi ta sama ƙungiyarsu ta masu kiwon macizai za ta yi gasar shekara. Bara macizai ɗari da arba'in aka kawo, alƙalai uku suna ajiye wannan su ɗauki wancan a kan tebur ɗaya, ba mai wanke hannu. Baffa har ya share gurbin kofin gasar a kan kabad.

Ranar Asabar abokansa na baranda suna shan shayi da soyayyen tempe, wata irin awarar waken soya, na fito na faɗa masa a gabansu, har da sunan cutar da Turanci. Bai ko dube ni ba, ya ce, "Ku ji likitar kaji. Tun yarinyar nan tana firamare nake riƙe maciji. Kenanga na kallon sama ne don ta san ta fi ƙarfin na ƙasa." Pak Gunarso, shugaban ƙungiyar, ya ce, "'Yata, in zakaranmu ya yi mura za mu aiko." Suka yi ta dariya.

Inna, mutanen nan ba su san komai ba. Manyan maza da furfura, suna rataya dabba a wuya kamar gyale don a ɗauke su hoto. Sun haddace sunan kowane launi, amma tambayi ɗaya zafin da ya dace da akwati, sai ya dafa gilashi da tafin hannu ya ce ya yi. Wani cewa ya yi a shafa mata man kwakwa. Abin da ya rikita ni shi ne, jiya da safe na tarar da Baffa ya canza mata ruwa sau biyu, ya kuma ja akwatinta nesa da sauran shidan.

Na rubuta saƙo ba suna zuwa ga kwamitin gasa, ban aika ba. In na aika Baffa zai gane ni ce, ƙila ya ce in kwashe kayana. In na yi shiru, macizan wasu za su ɗauka. Yaya zan yi?

Likitar Kaji, Malang

'Yata,

Ki goge saƙon nan. Wasiƙa ba suna aikin matsorata ne da masu tsegumi, kuma kwamitin da Pak Gunarso ke shugabanta zai karanta ta ne a kan shayi, a yi sabuwar dariya.

Game da abokan baffanki, ba zan kare su ba. Dattijon da aka ce masa dabba na ciwo ya mayar da zancen wasan zakara, ba kiwo yake yi ba, ado yake yi. Amma ke ma rainin da kike musu ya cika wasiƙarki, kuma ina da tabbacin sun gan shi a fuskarki. Kin tsaya gaban mutanen da suke ganin girmansa, kin jefa masa kalmar Turanci, ba ki da sakamakon gwaji ko ɗaya a hannu. Wace amsa kika bar masa banda gori?

Sake karanta abin da kika rubuta. Wanda ya yarda mesarsa lafiya lau take ba ya raba ta da 'yan'uwanta. Baffanki ya sani, ko yana zargi. Shekara tara yana riƙe da ita, tsoro yake ji.

Ki same shi shi kaɗai gobe, lokacin da yake canza ruwa. Kada ki ambaci gasa. Ki roƙi abu ɗaya, ya bar wani likita, ba ke ba, ya ɗebi jini. Ƙila wata cuta ce mai magani, sai ku gode wa Allah. Kafin sakamako ya fito, Kenanga ta zauna gida, ya gaya wa abokansa tana saɓa ne in yana so.

In ya ƙi, ki sanar da shi ido da ido cewa za ki gaya wa kwamiti, sannan ki je da sunanki da ranakun nan uku da kika rubuta. Zai yi fushi, ƙila ki ɗan kwana biyu a wani gida. Ba zan ce miki ba zai yi ciwo ba.

Sunan da suka laƙaba miki kuwa, ki riƙe shi. A duk barandar nan, likitar kaji ce kaɗai ta taɓa ganin abin da kaza ɗaya marar lafiya ke yi wa keji guda.

Allah ya ba Kenanga sauƙi, ya sanyaya zuciyar baffanki.

Inna Warsini